Ruwan Kano, ambaliyar Haɗejiya: tambayoyi da amsoshi kan ayyuka da dokokin maƙwabta

Duk shekara idan Agusta ta raba tsakiya, magana ɗaya ce a bakin mutanen Ringim da Auyo da Haɗejiya: "An ce za a sako ruwan Tiga." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma yadda ake faɗinta kan sa a kai kuka ƙofar da ba ita ba. Mun tattara tambayoyin da aka fi yi kan yadda aikin da aka yi a wata jiha, ko dokar da aka kafa a can, ke shigowa har tsakar gidan mutumin Haɗejiya. Mafi yawansu kan ruwa ne, domin nan abin ya fi ciwo.

Me ya haɗa mutumin Haɗejiya da aikin da aka yi a Bebeji ko Ƙaraye?

Kogi ne ya haɗa su. Kogin Kano ya taso daga tsaunukan kudancin jihar, aka tare shi a Tiga cikin ƙaramar hukumar Bebeji, aikin da aka kammala a 1974. Kogin Challawa kuma aka tare shi a Ƙaraye a 1992. Kogunan biyu suna haɗuwa a wajen Tamburawa, kudu da birnin Kano, su bi ta ƙarƙashin gadar Wudil, daga nan sunan ya koma Kogin Haɗejiya. Ya ratsa ƙasar Ringim, ya gangaro ta Miga da Auyo, ya iso Haɗejiya. Bayan garin sai ya rarrabu: wani reshe ya bi mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa. A wajen Gashuwa ruwan ke gamuwa da na Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, wanda ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta Diffa har Tafkin Chadi.

Madatsun Tiga da Challawa su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya. An gina Tiga ta ɗauki kusan kubik mita biliyan 2, Challawa kuma sama da miliyan 900. Wanda ke juya bawul a waɗannan wurare biyu shi ke yanke ko fadamar Guri za ta sha ruwa a watan Maris ko za ta tsage.

Dam ɗin na gwamnatin Kano ne?

A'a, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Gwamnatin tsohuwar jihar Kano ce ta gina Tiga a zamanin Audu Bako, lokacin da Haɗejiya kanta tana cikin jihar Kano. Sai a ranar 27 ga Agustan 1991 aka cire Jigawa, iyakar jiha ta ratsa tsakanin dam da masu shan ruwansa. Amma tun kafin nan ragamar Tiga ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976. Hedikwatarta ce kawai a Kano. Ita ke da Tiga da Challawa, da aikin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, da kuma ƙaramar madatsar da ke ba filayen Auyo ruwa.

Doka ma haka ta tsara. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ɗora ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun tarayya. Ta bar wa kowa damar ɗibar ruwan sha da na dabbobi kyauta, da kamun kifi, da ban-ruwan gonarsa idan tana bakin kogi.

Abin da ke hannun jihar Kano shi ne ƙananan madatsu irin su Watari da Bagauda da Tomas da Gari, da matatun ruwan sha na Challawa da Tamburawa, da tashar lantarkin da ta kafa a Tiga, da kuma lura da masana'antun da ke zubar da ruwansu a kogi. Ba ƙaramin abu ba ne, domin buƙatun Kano su ne ke tsara yadda hukumar tarayyar ke sakin ruwa. Sai dai takardar ƙorafi kan buɗe bawul idan aka kai ta gidan gwamnatin Kano, an kai ta inda ba za a iya amsa ta ba.

To gaskiya ne ana "sako" ruwan Tiga da damina?

Hanyoyi biyu ne ruwa ke fita daga dam, kuma ya kamata a bambance su.

Ta farko ita ce ta bawul da ƙofofin kanal. Wannan mutum ne ke buɗewa da rufewa. A Tiga babban kanal yana ɗaukar ruwa zuwa Ruwan Kanya, daga nan ya shiga filayen noman rani, sannan akwai mafitar da ke zuba a kogi kai tsaye. Abin da waɗannan mafitu ke iya fitarwa ba shi da yawa idan aka kwatanta da ruwan da ke shigowa a tsakiyar damina mai ƙarfi.

Ta biyu ita ce mazubar rara, wato wani gefen ginin da aka yi ƙasa da sauran da gangan, domin idan tafkin ya cika ruwa ya bi ta nan maimakon ya haura kan ginin ya ɓalle shi. Wannan ba wanda ke buɗe ta. Tafki na cika, ruwa na tsallakawa, ko da manajan yana barci. Bayan ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 an rage tsayin mazubar Tiga don kare lafiyar ginin, abin da ya rage ruwan da take iya riƙewa, ya kuma sa ta fi saurin yin amai.

Saboda haka idan jami'i ya ce "ba mu saki ruwa ba", yawanci ba ƙarya ya yi ba. Amma bai wanke kansa duka ba. Tambayar da ta dace a yi masa ita ce: a wane mataki tafkin yake a ranar 1 ga Yuni? Idan an shiga damina da tafki kusan cike, don gudun kada ruwan noman rani ya gaza a shekara mai zuwa, to an riga an zaɓi wanda zai ɗauki asara idan damina ta yi ƙarfi. A nan hannun mutum yake.

Sannan ba duk ambaliya ce ta dam ba. Ruwan saman da ya sauka ƙasa da madatsun, a birnin Kano da Wudil da Gaya da Ringim, ba abin da ke tare shi. Birnin Kano kuma kullum ƙara shimfiɗa siminti da kwalta yake, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa yanzu kwata ke miƙa shi kogi cikin sa'o'i.

An ce dam ya rage ruwan fadama. Yaya kuma ambaliya ta ƙaru?

Dukansu gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya. Kafin Tiga kogin yana da yanayi biyu. Da damina ya zo da ƙarfi, ya share yashin da ke cikinsa, ya malale fadama. A shekarun ruwa mai kyau malalar kan haura murabba'in kilomita 2,000. Da rani kuma ya ƙafe ƙaf, har a riƙa tona yashi ana ɗibar ruwa. Zuwa farkon shekarun 1990 malalar ta koma ƙasa da rabin haka. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya taimaka, amma dam ya ɗauki kaso mai tsoka.

Da aka tare kogin sai yanayin ya juye. Ruwan damina mai share hanya ya ragu, sai ga ruwa kaɗan-kaɗan yana gudu duk shekara. Ruwa marar ƙarfi ba ya ɗaukar yashi, ajiye shi yake yi. Ƙasan kogi ya yi ta tasowa. Laka mai danshi wata goma sha biyu kuma ita ce gadon ciyawar kacalla. Kacalla ta rage gudun ruwa, ruwa ya ƙara ajiye laka, laka ta ƙara wa kacalla wurin zama. Reshen Kafin Hausa ya cike daga bakinsa, tsohuwar hanyar kogin da Burum Gana suka toshe, ruwan ya karkata zuwa Marma da Nguru. Sakamakon shi ne wasu ƙauyuka gonakinsu na ƙarƙashin ruwa shekara da shekaru, wasu kuma da ke 'yan kilomitoci kaɗan daga nan ba su ga ruwan ba sam.

Yanzu idan damina mai ƙarfi ta zo, kamar ta 2001 ko 2012 ko 2020 ko 2022, ruwan yana tarar da kogin da ba shi da cikin da zai ɗauke shi. Sai ya nemi hanya ta gona da gida.

Me ya sa kacalla ba ta mutuwa duk da yankan da ake yi?

Domin ranta ba a ganye yake ba, a saiwa yake. Tana da jijiya mai kauri da ke tafiya a kwance cikin laka tana fitar da sabbin tsiro. Ƙona ta da rani share mata fili ne kawai, tokar ma taki ce. Yanka ta sama da ruwa kuwa aski ne.

Abin da ke kashe ta shi ne hana saiwar numfashi. Ganyen da busasshen karan su ne bututun da ke kai iska ƙasa. Idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da saman ruwan, kuma ruwan ya ci gaba da rufe kututturen na makonni, saiwar za ta shaƙe. Yanka ɗaya ba ya isa. Ana so a maimaita sau biyu ko uku a kaka ɗaya, da zarar sabon tsiro ya leƙo, kuma kafin ta fitar da kan nan mai kama da gero, domin kai ɗaya na ɗauke da dubban iri da iska ke watsawa. Hanya ta biyu ita ce a busar da wurin sarai na watanni, a kafce, rana ta ƙona saiwar. Wannan ba ya yiwuwa sai an tsayar da ruwa daga sama, wato sai da yardar masu dam.

Kurakurai uku ne ke ɓata aikin gayya. Na farko, fara yanka daga sama: ka buɗe wa ruwa hanya ya tafi ya tsaya a ƙauyen da ke ƙasa da ku wanda bai share nasa ba. Daga ƙasa ake farawa a hauro. Na biyu, tara abin da aka yanke a bakin gaɓa, ruwan farko ya mayar da shi ciki ya zama toshiya. Na uku, share faɗi ba tare da zurfi ba. Kacalla ba ta jure ruwa mai zurfi da gudu, don haka siririyar hanya mai zurfi ta fi shimfiɗaɗɗiya marar zurfi daɗewa a buɗe. Injinan yasa masu tafiya kan ruwa da gwamnatin Jigawa ta sayo suna rage wahala ƙwarai, amma muddin ruwan rani bai daina gudu yadda yake ba, inda aka yashe bana sai an koma masa.

Ban da toshe hanya, kacalla ce maƙwancin jan-baki mai cinye shinkafa da gero, ga sauro, ga dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Me ya sa ba za a rufe dam ɗin da rani na wata biyu kogin ya bushe ba?

Saboda manyan bakuna uku ne ke jiran ruwan. Akwai birnin Kano, wanda matatunsa ke zuƙo ruwa daga cikin kogin, kuma dole ruwan ya kai wani tsayi kafin bututun su kama, don haka akan saki fiye da abin da za a sha. Akwai filayen Kadawa, waɗanda aka tsara kashinsu na farko kan hekta 22,000, kuma rarar ruwan da ta fito daga gonakin kogi take komawa. Sai filayen Auyo da aka tsara kan hekta 12,500, waɗanda ke cikin Jigawa. Ga kuma dubban masu injin ban-ruwa a gaɓar kogin tun daga Wudil har Kirikasamma, masu alkama da shinkafa da tattasai. Ranar da aka rufe bawul, su ne za su fara kuka, kuma da yawansu 'yan ƙasar Haɗejiya ne.

Masana sun daɗe da ba da shawarar a riƙa kwaikwayon kogin asali: a saki ruwa mai yawa lokaci ɗaya da damina don ya share hanya ya cika fadama, a kuma ware wani lokaci da rani a rage shi ƙwarai. Wannan yana buƙatar jadawalin da manoma za su sani tun kafin su zuba iri. A ganinmu rashin wannan jadawali a fili, wanda kowa zai iya karantawa, ya fi rashin injin yasa illa.

Idan aka auna riba da asara, wa ya ci?

Kano ta samu ruwan sha da tumatir da shinkafar Kura, wannan ba a musu. Amma binciken masana tattalin arziki a shekarun 1990 ya nuna cewa kowane ɗigon ruwa ya fi kawo amfani a fadamar Haɗejiya da Nguru fiye da a kanal, idan aka haɗa shinkafar fadama, da noman da ake yi bayan ruwa ya janye, da kifi, da kiwo, da itace. Akwai kuma abin da ba a gani: malalar damina ce ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin yankin ke sha. Matsalar ita ce amfanin kanal yana shiga littafin gwamnati, na fadama kuwa a kwandon masunci da ƙwaryar Bafulatana yake, ba mai rubuta shi.

Ruwan kamfanonin fata na Kano yana isowa nan?

Masana'antun Challawa da Sharaɗa suna zubar da ruwansu ta rafin Salanta da Kogin Challawa. Na Bompai kuma ta Getsi da Jakara yake bi zuwa madatsar Wasai. Abin da aka fi tsoro a ruwan jima shi ne sinadarin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta cikin laka. Mafi yawansa yana zama a kusa da inda aka zubar, don haka mutanen Kumbotso da Tamburawa da Wudil sun fi kowa shan wahalarsa. Amma ambaliya tana tayar da laka ta tafi da ita gaba.

Hukumar NESREA ta tarayya, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tana da ƙa'idojin 2009 da suka wajabta wa masana'antun fata da na saƙa tace ruwansu kafin su sake shi. Mutumin Jigawa yana da damar kai ƙara gare ta, tunda hukumar ƙasa ce. Idan kuka ga kifi ya mutu da yawa lokaci ɗaya, ku ɗebi ruwan a sabuwar gorar roba, ku cika ta har baki, ku rubuta rana da sa'a da wurin, ku sa a sanyi, a kai ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya ko biyu. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire irin wannan sinadari.

Ina maganar dam ɗin Kafin Zaki ta kwana, kuma ina ruwanmu da shi?

A ƙasar Ningi ta jihar Bauchi aka tsara shi, a kan kogin da ke zama Jama'are. An fara an tsaya fiye da sau ɗaya, har yau ba a kammala ba. Bauchi na so don noman rani, Yobe da Borno na adawa domin Jama'are ne kogin da ya rage ba a tare ba, kuma shi ke kai mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa. Garin Haɗejiya ba ya kan wannan kogi, amma fadamun kudancin masarautar suna sha daga malalarsa. Idan aka tare shi, masunta da makiyayan da suka rasa wuri can nan za su matso.

Mu ma akwai waɗanda ke kuka da mu?

Akwai. A idon mutumin Nguru da Gashuwa da Geidam, Jigawa ce "sama". Madatsar Auyo tana tare ruwa. Kowace jinga da aka ɗaga don kare gari tana tura ruwan zuwa gaɓar da ke fuskantarta ko ƙauyen da ke gaba. Manomin da ya fasa gaɓa ya ja ruwa zuwa gonarsa yana iya canza wa reshe guda hanya, domin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin wannan ƙaramar tsaga kan zama kogi cikin damina biyu. Titin da aka ɗaga ba tare da isassun kwalbatoci ba shi ma dam ne, sai dai ba a kira shi haka ba.

Don irin wannan ne jihohi shida, wato Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, suka haɗu da gwamnatin tarayya a Damaturu a 2006 suka kafa asusun kula da wannan kwari. Can ƙasa kuma akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Najeriya da Nijar kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da ƙarshen Kogin Yobe. Takardu dai akwai su. Abin da asusun ba shi da shi shi ne ikon ba mai bawul umarni.

Ta yaya za mu san ruwa na tafe, kuma me ke sa jinga ta ɓalle?

Ruwan da ya wuce gadar Wudil kwanaki yake yi kafin ya iso Haɗejiya, ba sa'o'i ba, kuma yawanci daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba yake kai maƙura. Wannan tazara ita ce jarinku. Kowace unguwa ta bakin kogi ta samu wanda za ta riƙa kira a Wudil da Ringim. A kafa turke a gaɓa, a yi masa zane duk santimita 10, mutum ɗaya ya riƙa dubawa safe da yamma yana rubutawa. Saurin hawan ya fi tsayin kansa muhimmanci. Hasashen ambaliya da hukumar NIHSA mai lura da ruwan kogunan ƙasa ke fitarwa kafin damina yana faɗin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, amma ba zai gaya maka ranar ba.

Jinga ba kasafai take faɗuwa don ruwa ya haura ta ba. Ta ciki take ruɓewa: ramin gafiya, saiwar bishiyar da ta mutu, wurin da aka ɗebi ƙasa a gindinta don yin bulo, ko hanyar da shanu da babura suka sassaƙe. A duba bayan jingar, ɓangaren gari. Idan ruwa garau ne ke tsattsafowa, a sa ido kawai. Idan ya fito da laka yana tafasa kamar tukunya, to cikin jingar yake kwashewa. Kada a danne bakin da buhu, zai ɓullo ta wani wuri. A kewaye shi da zoben buhuna, ruwan ya taru a ciki har ya daina fito da laka.

Buhun yashi rabi zuwa kashi biyu cikin uku ake cika shi. Wanda aka cika tim ba ya kwanciya, yana barin kafa. A naɗe bakin a ƙarƙashinsa, a jera kamar ginin bulo kowane ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa, a tattake. Faɗin gindi ya ninka tsayi sau uku. Idan akwai leda, ta ɓangaren ruwa ake shimfiɗa ta. A kuma tuna da kwatocin gari da ke zuba a kogi: idan kogi ya fi su tsayi, ta nan zai shigo, don haka a toshe su a tanadi injin da zai fitar da ruwan saman da ya taru a ciki. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa sai an kwashe ta an sa mata sinadarin kulorin kafin a sha.

Gonata ta nutse. Akwai diyya? Zan iya kai ƙara?

Diyyar da dokar filaye ta 1978 ta sani ita ce ta ƙasar da gwamnati ta karɓe don aiki, kuma kan amfanin gona da gini ake biya. Ambaliya ba ta ciki. Abin da NEMA da hukumar agajin gaggawa ta jiha ke rabawa tallafi ne. Inshorar noma ta hukumar NAIC tana biyan asarar ambaliya, amma ga wanda ya yi rajista kafin ruwan ya zo.

Ƙara kan hukumar tarayya yawanci a Babbar Kotun Tarayya ake shigar da ita. Abubuwa biyu ke kayar da masu ƙara. Ɗaya lokaci: dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar daga faruwar abin, sai fa idan cutarwar mai ci gaba ce. Ɗaya kuma hujja: sai ka nuna sakaci ne ya jawo, ba ruwan Allah ba, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da alƙaluman matakin tafki da na abin da aka saki. Rikici tsakanin jiha da jiha, ko jiha da tarayya, Kotun Ƙoli ce kaɗai ke saurarensa, kuma gwamnati ce ke shigarwa. Ga talaka, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta fi sauƙi, ba a biyan ko kwabo. Ko ta ina za a bi, a ɗauki hoton gonar da kwanan wata, a auna faɗinta, mai unguwa da malamin gona su shaida a rubuce.

Idan za a yi sabon aiki a jihar maƙwabta, muna da bakin magana?

Kuna da shi, idan kun ji da wuri. Dokar auna tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin a gina dam da tafkinsa ya kai hekta 200, ko aikin ban-ruwa na hekta 5,000, ko busar da fadama mai hekta 100. Ana baje rahoton kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su yi ƙorafi a rubuce ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Inda gizo ke saƙa shi ne a sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin yake ake ajiye rahoton, ba a taku ba, sanarwar kuma a jaridar da ba ta zuwa ƙauye. Dokar ta yi tanadi kan aikin da illarsa za ta tsallaka wata jiha, amma sai wani ya ɗaga maganar. A rahoton, ku nemi shafin da ya faɗi ruwan da za a bar wa na ƙasa wata-wata. Idan babu wannan shafi, shi ne ƙorafinku na farko.

Ban da ruwa fa?

Da Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, matasa da yawa sun dawo garuruwansu da baburansu, aka wayi gari masu haya sun fi fasinja yawa. Direban da ya ɗauko kifi ko tattasai zuwa Kano yana shiga ƙarƙashin dokokin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, tun daga iyakar jihar, ko da takardunsa na Jigawa ne. Lasisin tuƙi da lambar mota na ƙasa ne baki ɗaya, ba jihar da za ta ƙi su. Dokar haraji ta 1998 kuma ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, ko da yake wanda ya bi hanyar ya san inda dokar ta tsaya.

Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya kwantar da kasuwar Alhamis ta Maigatari, amma ya ɗaga farashin shinkafa, mutane suka ruga fadama da injinan ban-ruwa. Dokar da aka yi don kwastan sai ga ta a cikin kogi.

Wace takarda za mu rubuta, kuma ga wa?

Ga manajan daraktan Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, da sunan ƙungiyar manoma ko masunta ko ta ci gaban gari, bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ba sai kun faɗi dalili ba. Ku nemi abubuwa huɗu: matakin ruwan Tiga da Challawa na kowace rana daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba na shekarun da kuke so, adadin da aka saki ta kanal da ta kogi, ranakun da ruwa ya bi ta mazubar rara, da jadawalin sakin ruwan rani mai zuwa. A yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya. Doka ta ba su kwana 7, suna iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa. Idan suka ƙi ko suka yi shiru, kuna da kwana 30 ku nemi kotu ta tilasta musu. A aika kwafi ga ma'aikatar albarkatun ruwa ta Jigawa, da ɗan majalisar tarayya na mazaɓarku, da majalisar masarauta. Watan Afrilu ya fi dacewa da wannan takarda, lokacin da sauran damar rage tafkin kafin ruwan sama ya sauka.